Birkin Ƙaramin Jirgin Sama Haɗin Gida: Dalilan Karkata da Hanyar Gano Su



Mutumin Zariya ba baƙo ba ne ga ƙugin ƙananan jiragen sama. Tun shekarar 1964 da aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen sama a Palladan, yaran Tudun Wada da manoman Dutsen Abba sun saba ɗaga kai su ga jiragen ɗalibai suna shawagi. Amma galibin masu kallon nan sun ɗauka hatsarin jirgi duk a sama yake. Alhali kuwa akwai wani hatsari da ke jiransa a ƙasa, a daidai lokacin da tayoyinsa suka taɓa kwalta, matuƙi ya taka birki, sai jirgin ya fizga gefe guda. Makasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da ke haddasa wannan fizga, da kuma tsarin da mai gyara zai bi ya gano ta.

Jirgin haɗin gida a Nijeriya

Abin da ake nufi da jirgi haɗin gida shi ne wanda ake sayen sassansa a akwati, mutum ya harhaɗa da hannunsa. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai RV-6A, ƙirar wani injiniya Ba'amurke mai suna Richard VanGrunsven, jirgi mai kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa. Wannan jirgi ne kamfanin AIEP na Kaduna ya ɗauka, ya yi masa gyare-gyare, ya sa masa suna Air Beetle. Na farko ya tashi a 1989, daga baya aka harhaɗa guda 60 domin koya wa hafsoshin Sojan Sama tuƙi a Kaduna. Saboda haka zancen ba na wata ƙasa mai nisa ba ne.

Abin lura game da ainihin ƙirar RV-6A shi ne tayarsa ta gaba ba ta da sitiyari. Sake take, tana bin duk inda jirgin ya nufa, kamar tayar gadon asibiti. In jirgin yana gudu, fiffiken jela ne ke juya shi, gama iska tana bugunsa da ƙarfi. Da zarar gudu ya ragu, sai jelar ta rasa ƙarfi, ba abin da ya rage wa matuƙi sai birki: ya taka na dama jirgi ya yi dama, ya taka na hagu ya yi hagu. Watau a irin wannan jirgi birki shi ne linzami. In ɗaya ya fi ɗaya kamawa, to linzamin ya karkace ke nan.

Yadda birkin yake aiki

A ƙarƙashin ƙafafun matuƙi akwai feda biyu. In ya tura feda gaba ɗayanta, jela ce ke motsi. In ya danna samanta da yatsun ƙafa, birki ne ke kamawa. Bayan kowace feda akwai ɗan famfo mai fistin a ciki, wanda ke tura mai ta cikin siririn tiyo zuwa taya. A can kuma wani fistin ne ke matse fatun birki biyu a jikin faifan ƙarfe. Tushen aikin shi ne ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai wa daida. Hagu da dama kowanne da hanyarsa, shi ya sa ɗaya kan lalace ɗaya na lafiya.

Tsarin bincike

Ƙa'idar farko ita ce a fara da mai sauƙi kafin mai wuya. Sau da yawa ba birkin ne da laifi ba. Tayar da iskarta ta ragu takan ja jirgi gefenta, haka ma iskar da ke bugowa daga gefe. Har ila yau, jirgi mai farfela irin wannan yana da ɗabi'ar karkata hagu in an ba shi wuta sosai wajen tashi. Sai an kawar da waɗannan tukuna a taɓa sufana.

Na biyu, a dubi zaman fedar, domin a nan ne mai haɗin gida ya fi yin kuskure. In saman fedar ya cika kwantowa wajen matuƙi, duk lokacin da ya tura jela sai ya taka birki bai sani ba. In kuma ta ɗaya gefen ta fi miƙewa, ƙafa ɗaya za ta riga ɗaya kamawa. Ya kamata mai jirgin ya zauna a kujerarsa, da takalmin da yake tuƙi da shi, a auna kwanciyar fedojin biyu har su zo daidai. Sa'an nan a duba kusoshin da feda da famfo ke juyawa a kansu. In an ɗaure su tamau, fistin ba zai koma mazauninsa sarai ba, ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta zuwa tanki za ta kasance a toshe, birki kuwa ya ci gaba da riƙe faifai bayan an ɗaga ƙafa. Hanyar gane haka ita ce a ɗaga jirgin da jak, a taka a saki, a juya kowace taya da hannu.

Na uku, iska a cikin tiyo. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, saboda haka fedar da ke da iska takan yi laushi kamar soso, ta nutse kafin ta kama. Da yake iska sama take nema, an fi samun nasara in aka tura mai daga ƙasa, watau daga wajen taya, ya hau har tanki. Jirgin da aka sa wa birki a kujeru biyu yana da famfo huɗu a jere, ga kuma lungunan da kumfa ke ɓuya. A nan ma a tabbata ba a musanya tiyon hagu da na dama ba.

Na huɗu, irin man da aka zuba. Wannan gargaɗi ne musamman ga wanda ya koyi aiki a garejin mota. Yawancin waɗannan jirage suna amfani da jan mai mai lamba MIL-H-5606 ko danginsa, zoben robar da ke cikinsu kuma dominsa aka yi su. Man birkin mota yakan lalata wannan roba, fistin ya cije ko ya riƙa yoyo. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Na biyar, fatun birki da faifai. Fatar da mai ya jiƙa ba ta wankuwa, sai canji. Masu ƙera birkin Cleveland sun ƙayyade cewa in kaurin fata ya sauko zuwa inci 0.100, kimanin milimita 2.5, a sake ta. Sababbin fatu kuma sai an ɗumama su ta hanyar ɗan ja da birki a ƙasa kafin su kama sosai. Wanda ya canza gefe ɗaya ya bar ɗaya, da hannunsa ya haifar da karkata. A ƙasar nan ƙurar hunturu takan shiga sandunan da matsin birki ke zamewa a kansu, ta cije su, fata ɗaya ta cinye ta bar 'yar'uwarta.

In duk wannan bai warware ba, akwai dabarar musanya: a mayar da famfon dama hagu, na hagu dama. In matsalar ta bi famfon, an kama ɓarawo. Amma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a kuma rubuta shi a littafin jirgin.

Me ya sa abin ya fi tsanani a nan?

Zariya tana bisa tudu, fiye da mita 600 daga teku, ga kuma zafin bazara. Duka biyun suna rage kaurin iska, dole jirgi ya sauka da gudun da ya fi na bakin teku. Ƙarfin da birki zai haɗiye yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: in gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, zafin da birki zai ɗauka ya ƙaru da kashi 21. Birkin da ke jan faifai tun daga wurin ajiya ya riga ya yi zafi kafin a tashi. Zoben roba yana iya narkewa, mai ya zubo a kan faifai mai zafi, wuta ta kama a ƙarƙashin fiffike, inda tankin fetur yake.

Kammalawa

Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne ya bi sawun matsala daki-daki, daga tafin ƙafa zuwa taya, ba da ka ba. Ma'aikacin Gwamnati kuwa, wanda wata rana takardar sayen kayan gyara za ta zo teburinsa, ya tuna cewa ɗan zoben roba da ya ga kamar ba kome ba ne, shi ke tsakanin matuƙi da ramin gefen fili. Ƙasar da ta iya harhaɗa jirgi 60 a Kaduna ta nuna tana da hannu. Abin da zai ɗorar da wannan hannu shi ne kula da ƙananan abubuwa, da barin injiniya mai lasisi ya duba aiki kafin jirgi ya motsa. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya kiyaye matafiya, na sama da na ƙasa.