Teɓa Ta Sauka, Saura Ƙwanji

 Yau da masu ɗaga ƙarfe nake.

Ka sha wuya teɓa ta sauka, yanzu ƙwanji kake so. To, kar ka afka wa tuwo da lemon kwalba lokaci guda, kitsen dawowa zai yi. Ƙara ludayi ɗaya na shinkafa da wake, bayan sati biyu ka hau sikeli.

Mai kilo 70 yana buƙatar furotin wajen giram 110 kullum. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, don haka shiga kasuwar Sabon Gari ka haɗo da awara, kifi, nono da ƙuli-ƙuli.

In ka ga ƙarin kilo ɗaya a satin farko, kar ka razana, yawanci ruwa ne. Kuma ka riƙa samun isasshen barci.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.