Ɗacin Maɗaci da Ma'auninsa: Jawabi a Taron Ɗalibai



Ni mutumin ƙasar Bagudo ne, inda Kwara ke shigowa Nijeriya ta wajen Lolo, dab da iyakar Benin. Albarkar fadama ta ba mu shinkafa da kifi, amma ba ta zo ita kaɗai ba. Sauro na kawo zazzaɓi, ƙudan tsando kuma na sa wa shanu sammore a kurmin da makiyaya ke ratsawa. Cututtukan nan biyu dangin juna ne, watau wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne ke shiga jini.

Idan yaro ya kwanta, kakarsa takan jiƙa sassaƙen maɗaci ko ta dafa ganyen dogon yaro. Mu 'yan boko sai mu yi dariya, alhali kuwa kwinin kansa daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka aka tatso shi a Faransa cikin 1820. Da shi ne Dokta Baikie ya hau wannan kogi namu da Binuwai a 1854, ya komo ba a rasa ko mutum guda ba. Haka kuma a 1972 Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da atimisinin daga wani ganye dangin tazargade, aikin da ya jawo mata kyautar Nobel a 2015. Shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin da Nijeriya ta koma wa a 2005, bayan kulorokwin ya daina ci.

To, mene ne ya raba kakata da waɗannan masana? Ma'auni ne. Jiƙon yau ba ƙarfinsa ɗaya da na gobe ba, kana abin da ya kashe ƙwayar cuta yana iya taɓa hanta ko ƙoda. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada maɗaci kan ƙwayar sammore sun ga alamar nasara, amma tsakanin ɗakin bincike da gadon majinyaci akwai tafiya. Saboda haka yaron da jikinsa ya yi zafi, asibiti za a kai shi a auna jininsa.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin da suka san itatuwan nan suna ƙarewa, gatarin masu gawayi kuma bai san magani ba. Roƙona, in an yi hutu, kowa ya zauna da tsohon garinsu da takarda a hannu: sunan itace, saiwa ce ko sassaƙe, da lokacin da ake ɗiba. Ni da Illo zan fara.