Modem ɗaya, layi ɗaya, da haruffanmu masu ƙugiya



Ba sai na gaya muku halin rezo tsakanin Agie, Gazawa da Gidan Rumji ba. Intanet kan zo ya tafi, amma gajeren saƙo yana isa ƙauye. Gardamata da ƴan uwana malaman kwamfuta a nan Maradi ta daɗe. Muna koya wa yara gina manhajar da ba ta motsi sai da intanet, muna raina modem, wai kayan da ne.

Bara na shiga wani ofis, na iske sakatare yana danna saƙon taro da babban yatsa, mutum bayan mutum, ga kwamfuta a gabansa an lulluɓe ta da zane saboda ƙura. Abin da ya rasa shi ne modem na USB, da layi ɗaya, da manhajar da za ta haɗa su. Harshen da modem ke ji, wato umurnin AT, kamfanin Hayes ya fito da shi tun 1981. AT+CSQ na faɗa maka ƙarfin rezo, AT+CMGS na aika saƙo. Shirin kwamfuta na Gammu kuwa kyauta ake saukewa, a Windows ko Linux, yana ɗauke wa ɗalibi wahalar rubuta umurnin nan da hannu, ya aika, ya karɓa, ya ajiye saƙonni cikin rumbun bayanai. Tun 2005 Ken Banks ya nuna da manhajarsa ta FrontlineSMS cewa kwamfuta da waya sun isa.

Ga inda nake so ku tsaya. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, muddin haruffan suna cikin jerin GSM. To, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba su cikin jerin. Ƙugiya ɗaya tak ta shiga, dole saƙon ya koma tsarin Unicode, ya ragu zuwa harafi 70. Idan ya wuce haka sai a yanka shi, kowane yanki harafi 67. Sanarwar rigakafi mai harafi 150 da za ta tafi da kuɗin saƙo ɗaya, sai ta ci kuɗin uku. Ku ninka wannan da yawan manoman aya na Caduwa. In kuma ka cire ƙugiyar don tsimi, baƙi sun zama baki, ƙafa ta zama kafa.  Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ɗalibinmu ne zai rubuta ɗan tsarin da ke ƙirga haruffa, ya gargaɗi sakatare, ya ba shi wata kalmar da ba ta da ƙugiya inda ma'ana ba za ta ɓaci ba.

Ana ce mini WhatsApp ya wadatar. Ku leƙa hannun matan da ke layi a likita a Tibiri, ku ga irin wayoyin da suke riƙe da su.

Buƙatuna uku ne. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta sa darasin AT da Gammu tun shekarar farko. Kowane ɗalibi ya yi aikin ƙarshen karatunsa a wata magajin gari ko likita cikin gundumomin Agie, Gazawa da Gidan Rumji. Kuma kada a ba shi maki sai saƙonsa na Hausa ya isa ƙaramar waya a ƙauye, an karanta, an gane.