Koyon Tuƙi a Cikin Rairayin Hamada



Dalilin tsayuwata a gabanku yau ba ɓoyayye ba ne. Kowa ya ji an yanke shawara cewa a hutun da ke tafe za mu kai ziyara Tulo-Tulowa, cikin ƙasar Yusufari ta Jihar Yobe, domin mu gane wa idanunmu tuddan rairayin nan da muke karantawa a littattafan labarin ƙasa. Na kuma ji wasu suna cewa mota guda ta ishe mu, tun da yake kuɗin haya ya yi tsada, ga shi kuma akwai masu lasin a cikinmu. Wannan magana ita ce ta hana ni sukuni, har na roƙi kwamiti ya ba ni minti 15 in faɗi ɗan abin da na sani.

Mahaifina yana aiki ne a birnin Sharja, cikin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, can kuwa na ƙare sakandare, na sami lasin ina ɗan shekara 18. A wannan ƙasa akwai ƙungiyoyi masu yawa na ma'abuta tuƙi a cikin hamada, Larabawa da Indiyawa da Turawa da mutanen Afirka, waɗanda sukan fita a ƙarshen mako, musamman a lokacin sanyi. Wani abokin aikin mahaifina ne ya shigar da ni ɗaya daga cikinsu, na yi damina biyu, ko in ce sanyi biyu, ina bin su da tsohuwar jif ɗin gidanmu. Ban zama gwani ba, kada wani ya ɗauka haka. Sai dai na kafe sau da yawa, wanda ya sha kafewa kuwa ba ya rasa abin faɗi.

Ranar da na fara fita, mun haɗu ne da sassafe a gefen kwalta kusa da Badayar, inda jajayen tuddai suka yi layi har iyakar ganin ido. Ni a zatona za a fara da koya mana yadda ake taka totur. Sai na ga manyan mutane sun durƙusa a gindin motocinsu kowa yana sace iskar tayarsa. Tayar da takan ɗauki 35 a ma'aunin nan na masu faci, sai a rage ta har zuwa wajen 15. Da na tambayi dalili, wani dattijo mutumin Sudan ya ce mini in tuna da ƙafar raƙumi, yadda takan baje idan ya taka ƙasa. Taya mai tauri yanka rairayi take yi tana nutsewa. Idan aka rage mata iska sai tafinta ya ƙara tsawo, nauyin mota ya bazu, ta riƙa tafiya a bisa rairayi kamar kwalekwale a bisa ruwa. Amma kuma akwai iyaka, domin idan iska ta yi kaɗan ainun, aka murɗa sitiyari da ƙarfi, taya tana iya ficewa daga bakin wili, a koma aikin jak da shebur cikin rana.

Abu na biyu shi ne sanin tudun kansa, a nan kuwa zan ɗan daɗe, domin a nan ne rai yake. Kowane tudun rairayi fuska biyu gare shi. Fuskar da iska take bugawa kwance take, rairayinta a danne, mota takan hau ta ba wahala. Ɗaya fuskar kuwa, wadda take bayan iska, a tsaye take, karkatarta takan kai wajen digiri 34, watau iyakar abin da busasshen rairayi yake iya tsayawa kafin ya zube, ga ta da laushi kamar gari. Wanda yake hawowa ta fuskar farko ba ya ganin abin da ke bayan ƙoli sai ya iso. In ya zo da gudu, motar sai ta yi tsalle ta faɗa da hanci. In ya zo a sanyaye, sai cikinta ya zauna a kan ƙolin, tayoyi huɗu suna juyawa a banza. Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ɗan taƙi da ba a iya rubuta shi a littafi, ƙafa ce take koyonsa: a hau da ƙarfi, a ɗaga ƙafa daga totur daidai lokacin da hancin mota ya kai ƙoli, a bar nauyinta ya ƙetarar da ita. Wajen gangarowa kuwa, a miƙe sak, a ƙaramar giya, ba a danna birki da ƙarfi, ba a kuma juya wa gangare gefe. Har lokacin yini ma yana da nasa hukunci. Da safe rairayi yana da ɗan danshin raɓa, ya fi ɗaukar mota, inuwa kuma tana nuna rami da tudu. Da rana ta take tsaka sai inuwa ta ɓace, ƙasa duka ta zama launi ɗaya, mutum ya iso bakin rami bai sani ba.

Duk wannan mutum yana iya koyonsa shi kaɗai in yana da mota da tsawon kwana. Abin da ƙungiya take koyarwa daban ne, shi ne tafiyar ayari. Akan jera motoci ne bisa tsari. A gaba akwai wanda ya san ƙasa, ni nakan kira shi jagaba irin na fatake. Sababbin shiga suna tsakiya. A can baya kuma akan sa ɗaya daga cikin gwanaye, wanda ba ya wuce kowa, ba ya kuma barin kowa. Kowace mota da doguwar sanda mai tuta a bayanta, domin a hango ta kafin ta ɓullo daga bayan tudu, da oba-oba, da shebur, da igiyar ja, da famfon mayar da iska, da ruwan sha fiye da buƙata. Babbar doka kuwa ita ce, kowane direba shi ke da alhakin motar da ke bayansa. Idan ka duba madubi ba ka gan ta ba, sai ka tsaya, wanda ke gabanka shi ma ya rasa ka ya tsaya, har labari ya kai ga jagaba ko da oba-oba ta mutu.

To, ga nawa abin kunyar. A fita ta shida ko ta bakwai, bayan an fara yaba mini, kaina ya kumbura. Muka zo wani dogon tudu, jagaba ya bi ta ƙasa ya zagaye shi, ni kuwa na ga ai zan iya yanke hanya ta kafaɗarsa in nuna wa mutane. Ina tsakiyar gangaren ƙarfin mota ya ƙare. Abin da aka koya mini shi ne, in haka ta faru a juya hanci ƙasa a bi gangare, a haƙura. Ni kuwa sai na murɗa sitiyari sama na ƙara wuta. Tayoyin ɓangaren ƙasa suka haƙa rami, motar ta karkata har na ga rairayi ta tagar da ke gefena, kwalbar ruwa ta taso daga ɗaya kujerar ta bugi kafaɗata. Dattijon nan mutumin Sudan shi ne a baya ran nan. Ta oba-oba ya ce mini, da murya kamar mai ba da labari, in ɗauke ƙafa daga kome, kada in kwance bel, kada in buɗe ƙofa, in zauna kamar dutse. Aka ɗaure igiya a ɓangaren sama aka riƙe motar da wata, mutum huɗu suka yi ta kwashe rairayi daga ƙarƙashin tayoyin sama har ta daidaita. Wajen sa'a guda da rabi aka yi. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Da muka koma kwalta ana mayar da iska, dattijon ya tambaye ni abu guda kawai: da ni kaɗai ne, wa zai riƙe igiyar?

Waɗannan dabaru ba jiya aka gano su ba. Wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold, shi da abokansa, sun riƙa kutsawa cikin hamadar yammacin Masar da ƙananan motocin Ford tun wajen 1929, lokacin da ake ganin mota ba ta iya ratsa manyan tuddai. Su ma rage iskar taya suka yi, suka riƙa shimfiɗa ƙarafa a ƙarƙashin ƙafar mota in ta kafe, kuma motoci da dama suke fita tare. Daga baya ya rubuta littafi a kan yadda iska take gina tudun rairayi, wanda aka buga a 1941, har yau kuwa masana suna aiki da shi. Akwai ma wasu tuddai a duniyar Mirriku da aka sa wa sunansa. Amma tun kafin Bagnold, ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga wajen Agadas zuwa Bilma ya san cewa ba a shiga wannan ƙasa sai da madugu da jama'a.

Malam Shugaba, ina sane da cewa abin da na yi a Sharja wasa ne na masu abin hannu, ana yin sa kilomita kaɗan daga kwalta, ga waya tana kamawa. Ga mutanenmu na arewa kuwa wannan tuƙi sana'a ce, wani lokaci ma ajali. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Nijar da Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da yawa daga cikinsu mutanen yankin Kance ne kusa da Damagaram, masu magana da harshen nan da nake yi muku jawabi da shi. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Haka kuma motocin da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku sun saba fita ne a ayari guda ran Litinin, da rakiyar soja. Da aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka fara zartar da ita sosai a 2016, sai direbobi suka watse, kowa ya riƙa bin ɓarauniyar hanya shi kaɗai, nesa da rijiyoyin da aka sani, aka yi ta samun labarin fasinjojin da aka yasar a daji. An soke dokar a 2023. Direbobin nan sun fi ni iya tuƙi nesa ba kusa ba, sun fi duk wanda na sani a ƙungiyarmu. Ba gwaninta suka rasa ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kwamiti game da tafiyarmu. Kada a fita da ƙasa da mota uku, dukansu masu jan ƙafa huɗu. A ɗauki direbobin Yusufari ko na Gashuwa waɗanda suke bin hanyar nan ranar kasuwa, mu masu lasin mu zauna a gefe mu buɗe ido. In sun ga dama su ba mu sitiyari a fili mai kwanciya. A sanar da hukuma da masu sarautar ƙasar kafin a tashi, a ji shawararsu a kan tsaro, a kuma bar wa wani a gari sunayenmu da lokacin da ya kamata mu dawo. A shiga rairayi da sassafe, a fito kafin azahar. Na lissafa, kuɗin zai kusan ninka abin da ma'aji ya faɗa mana sau uku. Idan aljihun ƙungiya bai kai ba, ni dai ƙuri'ata ita ce a ɗaga tafiyar zuwa wani hutun, a ci gaba da tara kuɗi.

Ga shebur da ma'aunin iska na zo da su, duk mai son ganin yadda ake sace taya ya same ni a bakin zauren nan bayan an tashi.