Jawabin Matan Ekklesiya a kan Taron Ƙin Giya

 An ba mu, mu mata, ɗan lokaci a wannan biki domin mu ba da labarin taronmu na ƙin giya, mun kuwa gode.

Ba mu mu ka fara aikin nan ba. A 1877 wani Fasto, Louis-Lucien Rochat, ya kafa jam'iyyar Blue Cross, wato Shuɗin Gicciye, a birnin Janeba, cikin shekarar nan ce kuma David Asante na Mishan ɗin Basel ya iso Salaga. Likita Rudolf Fisch shi ya dasa jam'iyyar a Aburi, kafin ya zaga ƙasashen arewa a 1910. Aka buɗe tasha a Yendi a 1913, yaƙi ya rufe ta a 1916. Mutanen Assemblies of God su ka sauka Yendi a 1931, Fasto Otto Rytz ya zauna Salaga a 1950, asibitin Bawku kuma ya shiga hannun Ekklesiya a 1956. Tun da masu bi su ka fara taruwa a garuruwan nan, maganar giya ta ke tare da mu.

Amma abin da su Likita Fisch su ka yi fama da shi a kudu barasar kwalba ce ta jirgin ruwa. A arewa doka ta hana shigo da ita a zamanin Turawa. Abin da mu ke da shi fito ne na dawa, kuma ku gafarce mu mu faɗi gaskiya a gaban iyayenmu: mace ce ke dafa shi. Ita ke jiƙa dawa, ta jira ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta ɗebo ruwa da itace, ta yini ta kwana a bakin murhu. Da kuɗin tukunyar nan ta ke biyan makarantar yara, dusar kuma ta ba aladu. Saboda haka sa'ad da mu ka taru a ɗakin sujada, matar da mijinta ya sha ya doke ta da matar da ta sayar masa, benci ɗaya su ke zaune, wani lokaci ma 'yan ɗaki ɗaya ne.

Da fari mun yi kuskure. Mu kan yi waƙa, a karanta Misalai sura 23, a yi addu'a da Hausa domin Bakusasiya da Babusanga da 'yar Konkomba duk su ji, sa'an nan a ce wa mai tukunya ta tuba. Wata rana wata gwauruwa mai 'ya'ya ta miƙe ta ce, "Iyayena, na ji, na kuwa yarda. In na fasa tukunyar yau, wace ce a cikinku za ta aiko mini da tuwo gobe?" Ɗaki ya yi tsit. Ba wadda ta amsa, gama ba mu taɓa tunanin wannan ba.

Daga nan taronmu ya sake kama. Bayan addu'a sai a kawo kwano a zuba adashi, kwasar fari kuwa ta wadda ta bar dahuwa ce. Wadda ta iya man kaɗe ta koya mata, wata daddawa, wata ƙuli-ƙuli ko koko da ƙosai. Kasuwar Bawku kwana uku-uku ta ke ci, ta Yendi kwana shida-shida, mu kan bi 'yar'uwar mu sayi kayanta har ta sami masu ciniki. Ba mu ɓoye muku ba, ribar daddawa ba ta kai ta fito ba. Waɗansu sun jimre, waɗansu sun koma da damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare. Waɗanda su ka koma ba mu hana su zama a benci ba, ko da ya ke a kan wannan mun sha gardama da dattawa.

Da gwamnati ta halatta akpeteshi a 1962, sai mu ka ga abin da ya fi fito mugunta. Ba ya ƙosar da ciki, ba ya lalacewa kamar fito, ga shi ɗan kaɗan ya isa kā da ƙato. Yau kuma 'ya'yanmu masu babur su na sayen barasa mai ɗaci a ƙananan kwalabe.

Roƙonmu ga iyayenmu maza ɗaya ne. Yawancin dawar da a ke jiƙawa, domin makoki da gayya a ke jiƙa ta, ku ne kuma ke ba da umurni. Muna roƙo dattawa su zauna kafin kaka su yanka yadda za a tarye baƙi a makokin mai bi. In an yanka, koko da kunu da tuwon baƙi, mu mata mun ɗauka.