Jarin Gwallameji da Hutun Ɗalibai

Duk wanda ya bi hanyar Dass daga cikin garin Bauchi zai ga yadda unguwar Gwallameji ta cika da ƙananan sana'o'i: masu POS, masu cajin waya, masu buga takardu da kwamfuta, masu shayi da indomi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, ita ce ke riƙe da wannan kasuwa.

Don haka, mai shirin zuba kuɗin adashensa a nan, ya fara duba kalandar makaranta kafin ya duba shago. Ranar da aka yi hutu, ko ƙungiyar malamai ta ASUP ta shiga yajin aiki, ɗakunan haya sukan yi wayam, ciniki ya kwanta. Mai ba da hayar shago kuwa tuni ya karɓe kuɗin shekara, ba ruwansa.

Ga kuma fetur. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, duk sana'ar da ta dogara da janareta, tanki ke shanye ribarta. Gara a rage kayan shago a sayi sola.

A ganina, ganganci ne mutum ya juye duk abin da ya tara. Ya ware kuɗin cefanen gida na tsawon hutu, ya ajiye gefe. Ya kuma buɗe littafin bashi tun ranar farko, domin ɗalibin da ya ce sai an turo daga gida, wani lokaci sai dai ka ji ya gama jarrabawa ya koma garinsu.