Haƙƙin Yaron Shago a Kasuwar Kayan Gini: Jawabi ga Iyaye da Iyayen Gida



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamai, iyayenmu mata da ke zaune can baya, 'yan kasuwa da matasa, ina yi muku barka da zuwa. An umarce ni ne in yi magana a kan yaranmu da ke tsare shagunan kayan gini a nan Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Gidan Waya, wato masu sayar da siminti da rodi da kwano da ƙusa da fenti. Tunda na hango iyayen gida da yaransu duk a tabarma ɗaya, zan yi ƙoƙari kada in zama lauyan ɓangare guda.

Ba sai na gaya wa kowa dalilin da ya sa 'ya'yanmu suka yi yawa a wannan sana'a ba. Jirgin ƙasa ne ya raya garin nan tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, fadar Sarkin Jama'a kuma ta dawo nan a 1933, akwai gidaje da yawa a cikinmu da a nan aka binne kakanninsu. Duk da haka yaro zai gama sakandare ya tafi neman aikin gwamnati ko shiga soja, a ce ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wani ya samu, wani ya yi ta zirga-zirga har ya haƙura ya shiga kasuwa. To, abin da nake so ku riƙe shi ne Dokar Ƙwadago ta tarayya ba ta tambayar wannan takarda. Babu inda ta ce a duba garin kakan ma'aikaci kafin a biya shi. Ɗanka da ke aiki a shagon Bahaushe, ko na Ibo, ko na mutumin Bajju ko Ham, haƙƙinsa ɗaya ne da na kowane ɗan Nijeriya. Kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ƙorafin da ya fi zuwa gaban dattawan unguwa a kan yaran shago, ba da baƙi ake yin sa ba, tsakaninmu ne mu da mu.

Yadda ake ɗaukar yaro kowa ya sani. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa Alhaji, ya ce ga amana. Alhaji ya ce ba komai, ɗana ne, in Allah ya yarda bayan wasu shekaru zan sallame shi da jari. A yi fatiha a watse. Shekara nawa? Ba a faɗa ba. Jarin nawa, kuma kuɗi ne ko kaya? Ba a faɗa ba, domin a al'adarmu tambayar rashin kunya ce. Yaro ya shekara bakwai yana buɗe shago da sassafe, yana sauke tirelar siminti, yana karɓar kuɗin abinci kawai. Ranar da maganar aure ta taso, ya fara tuni a kan sallama, ranar ce za a gano cewa lissafin sito bai cika ba. Wani lokaci da gaske bai cika ɗin ba. Wani lokaci kuma hanyar gudun alkawari ce. Da yake babu rubutu, babu mai iya rabewa, sai zumuncin gida biyu ya lalace.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin ya wuce wata 3 da fara aiki. A cikinta za a sa sunan maigida, da sunan ma'aikaci, da ranar da ya fara, da irin aikin, da yawan albashi da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin da za a bayar in za a rabu. Ba ta buƙatar wani dogon Turanci. Fallen takarda ɗaya ya isa. Mu kuwa bai kamata a ce sai dokar Turawa ta koya mana wannan ba, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Alkawarin sallama kuwa bashi ne a wuyan maigida.

A nan akwai wani rami da nake so iyaye su lura da shi. Dokar, a inda ta fassara wane ne ma'aikaci, ta cire iyalin mai ɗaukar aiki daga ciki. Saboda haka yaron da ke aiki a shagon mahaifinsa ko yayansa zai sha wahala kafin ya fake da ita. Kun ga kenan wanda muke ganin ya fi kowa samun kariya, domin a hannun ɗan'uwa yake, shi ne ya fi kowa zama a fili. Idan yayan ya rasu aka zo rabon gado, magada za su ce ba su san da wani alkawari ba, kuma ba lallai ne ƙarya suke yi ba. Irin wannan yaro ba shi da madogara sai takardar da aka rubuta a gaban shaidu.

Mu 'yan Kafanchan muna da ƙarin dalili. Mun ga 1987, mun ga 1999, mun ga Afrilun 2011 lokacin da kasuwar garin nan ta ƙone. Shaguna sun tafi da littattafan lissafinsu, wasu iyayen gida sun karye, wasu sun koma Kaduna ko Jos ko Kano ba su dawo ba, yaran da suka yi musu shekaru suka tashi a tutar babu. Allah ya kiyaye gaba, amma gobara ko rasuwa ko karyewar jari ba sai da rikici suke zuwa ba. Don haka a rubuta abin da yaro zai samu idan shagon ya rufe kafin wa'adi, a yi kwafi uku, ɗaya a gidan maigida, ɗaya a gidan iyayen yaro, ɗaya wurin mai unguwa ko liman. Kada a ajiye a durowar shago. A ɗauki hotonta a waya ma.

Sai batun albashi. Na ji matasa suna cewa ai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar a watan Yulin 2024. Haka ne, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi wanda ake biya da kamasho ba. Shago nawa ne a garin nan ke da mutum 25? Saboda haka kada yaro ya je ya yi wa ubangidansa barazana da ita, zai ji kunya. Abin da doka ta tsaya masa a kai shi ne wanda aka yi yarjejeniya: a biya shi da kuɗi, ba da kaya ba, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Wanda ya yi aikin sa'a 6 ko fiye a yini yana da hutun sa'a guda, yana da yini ɗaya cikin kowane mako, in ya cika shekara yana da hutun kwanakin aiki 6 da albashinsa, in ya kwanta ciwo da shaidar likita ana biyansa har kwana 12 a shekara. Idan kuma za a sallame shi ba bisa wani babban laifi ba, wanda ya haura wata 3 sai an ba shi sanarwar mako guda, daga shekara 2 mako biyu, daga shekara 5 wata guda, ko a biya shi kuɗin waɗannan kwanaki. Shi ma yaron haka dokar ta ɗaure shi in shi ne zai tafi. Ba a ajiye makulli a kan kanta da daddare a ɓace.

Inda rigima ta fi ƙamari shi ne giɓi. Buhun siminti ya fashe wajen saukewa, ko damina ta shiga sito ya daskare. Bandir ɗin kwano da ya kamata ya zo da falle 20 ya zo da 19. Wani ya nuna alat na bogi a waya, ya loda rodi a a-kori-kura ya tafi. Birkila ya karɓi kaya bashi da sunan ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ce bai aike shi ba. Da ana sayar da siminti da araha ana iya kau da kai, amma tun farkon 2024 da buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa, buhu biyar kaɗai sun cinye albashin yaro har da ɗori. Sashe na 5 na dokar ya hana maigida cin ma'aikaci tara. Bai yarda a yanki albashi don asara ba sai in ganganci ko sakacin ma'aikacin ne ya jawo ta, shi ma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago, kuma duk abin da za a yanka a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Mai karɓar Naira 30,000 ba za a cire masa fiye da 10,000 ba. Na san babu wanda ke zuwa Kaduna neman izini a kan buhu biyu, amma ku san cewa riƙe albashin yaro wata uku cur saboda giɓi ba shi da gindin zama a doka.

Ku kuma matasa, ku ji naku. Ranar da ka karɓi shago, ku ƙirga kaya tare da maigida, ku sa hannu ku biyu, ku riƙa maimaitawa duk ƙarshen wata. Kada ka ba kowa bashi sai da izininsa, in ta waya ya ba da izinin, ka ce ya turo saƙo. Kada kaya su fita sai kuɗi sun shiga asusu, ba a wayar mai saye ba. Sannan ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: birkila ko kafinta ya ce ka rubuta masa rasit da ƙari, ku raba. Mai ginin nan wataƙila manomin citta ne daga Kwoi ko Kachia da ya tara kuɗinsa da ƙyar, musamman bayan cutar da ta cinye gonakin citta a 2023. Ranar da asiri ya tonu, birkila ya yi gaba, rubutun hannunka ne a rasit.

Idan abu ya kai caji ofis fa? Zargin sata laifi ne, 'yan sanda suna da hurumin bincike. Amma Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wanda ake nema. Ba a tsare uba don ɗansa ya gudu, ko da shi ya tsaya masa, iyaka a bi shi ta kotu da abin da ya sa hannu a kai. Shi ya sa nake roƙon iyaye, kada ku dangwala yatsa a takardar tsayawa sai an karanta muku ita, an kuma faɗi iyakar kuɗin da kuka ɗauki nauyi. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin yini guda in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, nan kuwa kotuna a cikin gari suke. Beli kyauta ne a doka, ko da yake na ga wasu suna murmushi. Abin da ya fi haɗari shi ne takardar da ake ba yaro a bayan kanta ya sa hannu cewa ya ci kuɗi kaza, don a sake shi ya kwana gida. Wannan takarda ita ce ke kashe sallamarsa.

Akwai kuma lafiyar jiki, wadda ba mu cika sa ta a lissafi ba. Buhun siminti kilo 50 ne, sandar rodi mita 12. Siminti in ya haɗu da gumi yana cin fata, ƙurarsa tana shiga ido da ƙirji, gefen kwano kuwa wuƙa ne. Safar hannu da takalmi da abin rufe hanci ba su kai kuɗin buhu biyu ba. Doka ta hana sa yaro ƙarami ɗaukar kayan da za su nakasa girmansa, don haka almajirin da ake ba Naira ɗari biyu ya taya saukale, alhakinsa na kan mai shago. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafi kowane mai ɗaukar aiki, babba da ƙarami: zai zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, daga aljihunsa, ba daga na yaro ba. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya kai rahoto cikin kwana 7, a nemi diyya kafin shekara ta cika. Ko shagon bai yi rajista ba, a ajiye katin asibiti da rasit ɗin magani. Kuma don Allah, iyayen gida, a daina tura yaro kai kaya ƙauye bayan la'asar sakaliya. Duk mun san halin hanyoyin nan. Cinikin da ba zai jira gobe ba, a bar shi.

In sulhu ya gagara a gaban mai unguwa da shugabannin kasuwa, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kaduna, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ga marasa hali. Shari'ar aiki da albashi kuwa, tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, kuma tana zama a Kaduna. Tafiya ce mai nisa da tsada ga yaron da ke bin albashin wata biyu, shi ya sa na fi son a gama a gida.

Malam sakatare ya ce akwai takardu da biro a teburinsa. Duk maigidan da ke nan tare da yaronsa da mahaifin yaron, in sun amince, za mu zauna bayan sallar la'asar mu rubuta musu tasu da Hausa, da boko ko da ajami, dattawa biyu su shaida. Waɗanda suka daɗe tare su fara da ranar da yaron ya kama aiki, ba ranar yau ba.